Makon da Magani Ya Ƙara wa Autana Ciwo

Litinin
Tun da aka ɗora autana, ɗan shekara 15, a kan maganin farfaɗiya carbamazepine bayan faɗuwar da ya yi a makaranta, muke sa ran sauƙi. Yau da safe hannuwansa suka fizga har kofin koko ya suɓuce masa. Da ma yakan yi haka jefi-jefi, amma ba da wannan ƙarfin ba.

Talata
Fizgar ta yawaita bayan sallar asuba. Ga kuma sabon abu: ina yi masa magana sai ya ƙura ido na 'yan daƙiƙoƙi, bai san ina yi ba. Kakarsa ta ce, "Iska ce, a bar ƙwayar nan, a nemo mai ruƙiyya." Na ce, "Hajiya, addu'a kullum muna yi, amma yanke maganin farfaɗiya farat ɗaya kan jawo faɗuwar da ba ta tsayawa."

Laraba
Ya faɗi sosai. Na kwantar da shi a gefensa, na hana a cusa masa cokali a baki, idona a kan agogo, don in faɗuwar ta wuce minti 5 sai asibiti. Alhamdu lillahi, ta lafa kafin nan. Yayarsa ta ɗauki fizgar safen a waya.

Alhamis
Mun je asibiti, likitar ƙwaƙwalwa ta kalli bidiyon, ta sa aka yi gwajin EEG mai auna wutar ƙwaƙwalwa, da na gishirin jini, don wannan maganin kan rage shi. Ta ce, "Malam, farfaɗiya iri-iri ce. Carbamazepine yana da kyau ga wadda ke tasowa daga ɓangare ɗaya na ƙwaƙwalwa. Ta yaronka irin ta matasa ce mai fizgar safe, mai kama ƙwaƙwalwa gaba ɗaya. Ita kuwa, carbamazepine da wani magani mai suna phenytoin kan tsananta ta."

Juma'a
An fara masa valproate, ana janye tsohon a hankali. Ta ce da mace ce za ta fi zaɓar levetiracetam, domin valproate na illata ɗan tayi. Ta kuma hana shi raba dare, don ƙarancin barci na tayar da ciwon.

Litinin ta sama
Fizgar ta ragu ƙwarai. Iyaye, in ciwon ya ƙaru ko ya sake kama bayan fara magani, kada ku yanke shi, kada ku ƙara da kanku. Ku ɗauki bidiyo, ku koma wurin likita da gaggawa. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya.