Iskar Yamai dabam, iskar Bagzam dabam

A wannan mako za mu ɗauki hanyar arewa zuwa ƙasar Abzin, tare da wani irin matafiyi: mutumin da numfashinsa kan ɗauke cikin barci, wanda likita ya ɗora bisa na'urar nan da ake kira CPAP. Cutar sananniya ce a gidajenmu ko da ba a san sunanta ba. Mutum ya yi ta minshari, sai a ji tsit kamar an shaƙe shi, can sai ya zabura ya ja iska. Da rana kuma ya yi ta gyangyaɗi, ko da yana tuƙin mota. Naman maƙogwaro ne ke saki ya toshe hanyar numfashi. A shekarar 1981 wani likitan ƙasar Ostaraliya, Colin Sullivan, ya bayyana dabarar: na'ura mai hura iska ta cikin tiyo zuwa hanci, ƙarfin iskar ya riƙe maƙogwaro a buɗe har garin Allah ya waye. Likita ne ke tsai da wannan ƙarfi, tsakanin 4 da 20 a ma'aunin na'urar. To amma wanda aka auna wa a Yamai, da iskar Yamai aka auna masa.

Birnin Yamai yana kwance a bakin kogi, kimanin mita 200 bisa teku. Daga nan mota za ta ratsa Dosso, Birnin Ƙwanni, Tawa da Abalak, tafiyar wajen kilomita 950, kafin a hango dogon hasumiyar masallacin Agadas, inda tudun ƙasa ya kai kimanin mita 500. Har zuwa nan tsawo bai zama matsala ba. Bushewa ce abokiyar gaba. A lokacin ɗari iskar hunturu takan fasa leɓe ta haɓo hanci, balle a ce na'ura ta kwana tana tura ta cikin ƙirji. Hanci ya toshe, baki ya buɗe, iskar ta zurare, aikin ya tashi a banza. Maganin yana cikin ɗan tankin ruwan da ke jikin na'urar: a ƙara masa ɗumi mataki-mataki, dare bayan dare, har maƙogwaro ya daina kwana a bushe. Tataccen ruwa na kantin magani ya kamata a zuba. A guji ruwan batir na masu gyaran mota, domin ba don numfashi aka yi shi ba. A kuma yi guzurin matatar ƙura, don hazo yakan cika ta da wuri.

Daga Agadas hanya ta miƙa arewa maso gabas zuwa Tabelot, garin garake da albasa a gindin dutsen Bagzam. Mazauna bisa dutsen sun daɗe suna hawa da sauka a ƙasa, jakuna ɗauke da kaya, zuwa ƙauyukansu da ke sama da mita 1.500. Ƙololuwar dutsen, Idukal-n-Tagas, mita 2.022 ce, babu wurin da ya fi ta tsawo a duk faɗin Nijar. A can nauyin iska ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar, saboda haka farfelar na'ura tana juyi kamar kullum amma abin da take turawa bai kai na da ba. Sabbin na'urori suna gyara wannan da kansu, galibi har wajen mita 2.300 ko fiye. Tsofaffi kuwa sai an saita musu matakin tsawo da hannu. Tun a gida ya kamata a duba littafin na'urar.

Akwai abu na biyu da ya fi wannan muhimmanci. A bisa tsauni numfashi kan tsaya ko da maƙogwaro a buɗe yake, domin ƙarancin iska yakan rikita umarnin da ƙwaƙwalwa ke aikawa. Ƙara ƙarfin na'ura ba ya warkar da wannan. Don haka kada matafiyi ya taɓa ƙarfin da aka tsayar masa. Ya ga likita kafin ya tashi, shi zai san ko ana bukatar magani irin su acetazolamide.

Sai sanyi. A watannin Disamba da Janairu daren Bagzam yakan kusa daskarar da ruwa. Tururin da ya yi amfani a Agadas sai ya koma raɓa cikin tiyo, ya riƙa gurgura yana ɗiga a fuska. A naɗe tiyon da ƙyalle, a shigar da shi cikin bargo, a ajiye na'urar ƙasa da kai. In raɓar ba ta daina ba, a rage ɗumin kaɗan. Rage ɗumin yana kuma tsimin batir, abin da ba a wasa da shi a inda hasken rana ne tushen wuta.

In an sauko, a tuna a mai da kowane saiti inda yake, musamman mai dawowa kudu da damina, lokacin da iska ke cike da laima. Ɗumin ruwa da tsabtar na'ura aikin matafiyi ne, ƙarfin iska kuwa na likita ne. Allah ya kai kowa lafiya, ya dawo da shi lafiya. Sai mako mai zuwa.