Cokali ɗaya a Kalkata

Na daɗe ina jan ƙafa a kan wannan labari, don akwai sirrin gidanmu a ciki. Sai da na nemi izinin Inna kafin na rubuta.

A 2018 wurin aikina a Legas suka tura ni kwas ɗin kwamfuta a Kalkata, ƙasar Indiya. Da aka gama kwas ina da sauran mako uku kafin jirgina, sai wata 'yar Kenya da muke ɗaki ɗaya ta ja ni aikin sa kai a gidajen 'yan mishan ɗin Uwargida Teresa, wadda ta kafa ƙungiyarta a birnin a 1950, ta rasu a can a 1997. Gaskiya da farko na yi ɗari-ɗari. Ni Musulma, da hijabina, me zai kai ni gidan sistoci? Amma da muka je rajista ba wanda ya tambaye ni addinina. Fasfo kawai suka duba, suka ce wane gida nake so. Na ce inda yara suke. Aka rubuta mini Daya Dan, gidan da ake rainon yara masu naƙasa, waɗanda da yawansu tsintarsu aka yi ba uwa ba uba.

Ƙarfe 7 na safe ake haɗuwa a babban gidan, a sha shayi da burodi da ayaba, kowa ya kama hanyarsa. Ranar Alhamis ce hutu. In kana zaton wasa da yara za ka yi ta yi, mai karatu, to wanki ne ke fara tarbarka. Zannuwan gado da ƙyallayen fitsari tuli guda, a wanke, a matse, a hau saman bene a shanya. Ni da na taso a Agege ina wankin gidan mutum goma, wannan bai dame ni ba. Turawan ne dai suka sha jiki.

Lokacin cin abinci ne ya karya ni. Aka ba ni wani yaro da bai fi shekara takwas ba, mai lalurar nan ta ƙwaƙwalwa da ke sandarar da gaɓoɓi, wuyansa ba ya tsayawa, yawu na zuba. Na ɗauke shi na kwantar a cinyata, na ɗaga masa haɓa, na ciko cokali da shinkafa da miyar wake zan zuba. Sai wata dattijuwa cikin matan gari da ke aiki a gidan, waɗanda ake kira mashi, wato gwaggo, ta riƙe hannuna gam. Ba ta jin Turanci, ni ba na jin Bangali. Ta karɓe shi ta zaunar a kujerarsa, ta tokare bayansa, ta sunkuyar da haɓarsa kaɗan zuwa ƙirji. Ta rage abincin ya koma rabin cokali, ta ɗora a kan harshensa ta ɗan danna, sannan ta tsaya tana kallon maƙogwaronsa har ya motsa. Sai a lokacin ta ɗebo na biyu. Kwano ɗaya ya ci mana kusan minti arba'in.

Daga baya wata 'yar sa kai mai aikin gashin ƙashi ta yi mini bayani. Irin waɗannan yara haɗiyarsu ba ta tafiya daidai. In aka kwantar da su aka ɗaga kai, musamman da abu mai ruwa-ruwa, sai ya kauce ya bi hanyar iska ya sauka a huhu. Wani lokaci yaron ko tari ba zai yi ba. Kwana biyu sai zazzaɓi, sai ciwon huhu, ya tafi ya dawo, har wata rana ya tafi da yaron.

Na ce mata zan shiga bayi. Can na yi kukana.

Ina da ƙane. Ƙawayena na makaranta ba su taɓa sani ba, don in sun zo gidanmu ni da kaina nake rufe ƙofar ɗakin baya. A unguwa ana raɗa wai ɗan ruwa ne, wata tsohuwa har ta taɓa ba Inna shawarar a kai shi bakin rafi a ajiye, 'yan uwansa su zo su ɗauka. Inna ta kore ta. Shekara tara tana goyonsa, kuma kullum a kwance a cinyarta take ɗura masa koko, kai a ɗage, yadda na so in yi wa yaron nan. Kullum yana cikin tari da zazzaɓi. Da ya rasu aka ce sanyi ne ya kama shi.

Ana sukar irin wannan aikin sa kai, kuma sukar tana da tushe. Mu baƙi ne marasa horo, mu zo mako biyu ko uku, yaro ya saba da fuskarka, ka ɗauki jaka ka tafi, alhali tafiyar mutane ce ta kawo shi gidan tun farko. Ranar ƙarshe ban yi masa sallama ba, na sulale yana barci, kuma har yau ban san ko daidai na yi ba. Wadda ta riƙe yaron nan da gaske ita ce gwaggon da ta riƙe hannuna, wadda na tarar a can na kuma bari a can.

Na dawo Legas na yi wata biyu ban iya faɗa wa Inna ba. Ina tsoron ta ɗauka laifi nake ɗora mata. Ranar da na faɗa, tana tsince shinkafa a tire, ba ta ɗago ba har na gama. Can ta ce, “Asibiti nawa na kai shi, ba wanda ya taɓa cewa in zaunar da shi.” Ta ci gaba da tsintarta. Da ta gama sai ta ce in sa hijabi, akwai wata jikar maƙwabciyarmu a layin baya da ba a fito da ita, in zo in nuna wa uwar yadda ake riƙe cokalin.