Anji, Inda Gora Take Zama Tufa

Mun tashi daga birnin Hangzhou na ƙasar Sin da sassafe, kafin hantsi ya yi zafi mun shiga gundumar Anji. Tun daga nesa muka hango duwatsu kore shar. Da muka matso, ashe duk gora ce, tun daga gindin dutse har bisa.

Mu da muka san gora a rumfa da sandar makiyayi, sai muka riƙe baki. Irin da suke kira moso takan wuce mita 20. Da bazara sabon toho yakan ƙara kusan mita 1 a kwana guda. Bayan shekara 4 ko 5 a sare ta, kuma ba sai an sake shuka ba, gama saiwar tana nan da rai. Ita ce take riƙe ƙasar gangare kada ruwa ya kwashe ta. Ruwan sama ya ishe ta, ba ta kuwa neman feshi sosai. Wanda ya taɓa noman auduga wajen Funtuwa ya san irin maganin ƙwarin da auduga take ci.

A kasuwa muka tarar da tawul da safa da riguna na zaren gora, da laushi kamar siliki. To, yaya sanda mai tauri ta zama haka? A nan ne murnarmu ta ragu. A masana'anta akan farfasa gorar, a dafa ta da soda mai ƙarfi, a narkar da ita da wani sinadari mai guba, kabon daisalfaid, sa'an nan a matso ta ta ƙananan ramuka ta zama zare. Sunan zaren nan biskos. In masana'anta ba ta tare gubar ba, takan lalata jijiyoyin ma'aikata, ta ɓata ruwan kogi. A 2009 hukumar ciniki ta Amurka ta tuhumi waɗansu kamfanoni don sun sayar da irin wannan tufa da sunan zaren gora tsantsa.

Akwai wata hanya da ake kira layosel, wadda ake maido da kusan dukan sinadarin a sake aiki da shi, amma kayanta sun fi tsada, ba su kuma da yawa.

Mun sayi tawul biyu na tsaraba. A mota muka juya ɗan ƙyallen da ke gefensu, muka ga an rubuta biskos.