Da Kuɗin Shinkafa Na Je Santambul

Mu mutanen Kura komai da buhu muke auna shi. Shi ya sa da na shiga shagunan Laleli a Santambul, duk farashin da ɗan shago ya danna mini a kalkuleta sai na mayar da shi naira, sannan na mayar da shi buhun shinkafa. Labule ɗaya, kusan buhu guda!

Kuɗin noman rani ne Malam ya damƙa mini, na kayan ɗakin 'yarmu ta fari. Wata huɗu yana tashi da asuba yana bin ruwan Tiga. Yayata mai saro kaya ce ta ja ni.

'Yan uwa, mutanen nan sun iya tarbar baƙo. Shayi a ɗan ƙaramin kofin gilashi, ga kujera, ga "Hajiya, Hajiya". Ranar farko kunya ta hana ni tayawa, na biya yadda aka faɗa. Yaya ta ce, "Ke, a Kwanar Gafan haka kike sayar da tumatir?"

Abin da ban lissafa ba shi ne kuɗin aike. Masu kargo da kilo suke caji, kuma da dala. Kafet ɗin da na yi murnar samu da araha, da aka ɗora shi a sikeli sai jikina ya yi sanyi.

Bayan biki na ga irinsa a Kantin Kwari. Na tambayi kuɗinsa, na yi shiru. Har yau ban gaya wa Malam ba.