Amanar da ke Cikin Faifai

Duk wanda ya taɓa naɗar bidiyo a faifai ya san ba a gaban kwamfuta ake yi wa aikinsa hukunci ba. A falon mai shi ake yi, lokacin da iyali suka taru aka zura faifan cikin na'ura. Wannan ne ya fi tsaya mini a rai a shekara biyun da na yi a shagon baffana bayan kammala digiri, muna mayar da kaset-kaset na biki da suna da saukar Alƙur'ani zuwa faifan VCD.

Kwamfuta takan karanta kusan duk abin da aka ba ta, amma tsohuwar na'urar gida tsari ɗaya ta sani, wanda kamfanonin Philips da Sony da JVC da Matsushita suka tsayar a 1993. Dole bidiyon ya zama na MPEG-1, kuma a ƙasarmu mai bin tsarin PAL faɗinsa ɗigo 352 ne, tsayinsa 288, hoto 25 a kowace daƙiƙa. Wanda ya zuba fim a faifai yadda ake zuba takardu zai gan shi sarai a shago, a gida kuwa na'ura ta yi ta ƙugi, ta ce babu faifai. Haka ma in an gama naɗa ba a rufe faifan ba.

Sai batun gudu. Faifan kamfani buga shi ake yi, ramukan da ke ɗauke da bayanansa na gaske ne. Namu kuwa rini ne siriri a cikinsa, hasken leza ke ƙona shi ya bar tabo a madadin rami. In aka yi gaggawa tabon ba ya fita sosai, sai na'ura mai raunin ido ta riƙa tsalle ko hoto ya daskare. Saboda haka Baffa ba ya yarda a wuce gudu na 8, ko da kwalin ya ce 52. Faifan minti 80 sai ya ci minti goma maimakon uku. In na yi ƙorafin layi, cewa yake, "Ɗana, sauri ya haifi nawa."

Akwai wata gajiyayyiyar na'ura da ya ajiye don gwaji kawai. Duk faifan da bai yi a cikinta ba, ba ya fita daga shagon. Ranar da wata dattijuwa ta kawo kaset ɗin walimar dawowar marigayi mijinta daga Makka, wanda shi kaɗai ya rage mai ɗauke da muryarsa, sai da Baffa ya sa na kalli faifan har ƙarshe, domin daga ciki ake rubutu zuwa gefe, kuma a gefen matsala ta fi ɓuya. Da zai miƙa mata ya ce, "Hajiya, a kiyaye shi daga rana, kada kuma a rubuta masa suna da biro, abin da ke ciki dab yake da fatar sama."

A jami'a ana auna ilimi da abin da mutum ya sani. Sana'ar nan ta nuna mini wani ma'aunin: aiki bai kammala ba sai ya yi amfani a hannun wanda kayansa suka fi na kowa rauni.