Ba Girin-girin Ba, Ta Yi Mai

Shekara huɗu na yi ina ban ruwa ga bishiyar da ba ita na saya ba, kuma ni da bakina na riƙa kiran mutane su zo su gani.

A daminar 2019 na sayo dashen tanjalo a Kano, wato lemon nan mai zaƙi da yawan ruwa da aka samu daga haɗin tanjarin da garehul. Mai dashen ya nuna mini wani ƙulli a jikin karan, kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, ya ce, "Alhaji, nan aka yi auren. Duk tohon da ya fito ƙasa da nan, a cire shi." Na ce to, hankalina yana kan canjina. Ni da na tashi a gonar gero, wa zai koya mini shuka?

Na dasa shi a bayan gida a nan Daura, na kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Ƙasarmu rairayi ce, ba ta riƙe laima, don haka daga Maris har ruwa ya sauka a Yuni, 'yan garuwa ne abokaina. Maiɗakina ta taɓa cewa, "Malam, wannan itacen ya fi mu shan ruwa."

Sai wani toho ya ɓullo daga gindi, kore shar, ga ƙaya zaƙo-zaƙo. Kafin shekara ya kere ni tsawo. Reshen sama kuwa ya tsumbure. Na tuna maganar mai dashe, amma wa zai sa wuƙa ga reshen da ya fi kowane kyau?

Da ya yi 'ya'ya, na tara yara na yanka guda. Ɓawon kaushi, cikin tsami kamar ya cire haƙori. Autana ya tofar, ya dube ni bai ce komai ba.

Na kira wani dattijo mai lambu. Ya tsuguna, ya buɗa ganyen da sandarsa, ya nuna mini wani busasshen tsinke da gara ta fara ci. "Ɗana, ga tanjalonka nan. Wannan da kake kiwo gindin ne. Ana ɗora mai zaƙi a kan mai tsami don jurewarsa, in ka sakar masa sai ya shanye abincin duka."

Na daɗe a tsugune ina juya tsinken nan. Ba rashin sani ya kashe shi ba, an gaya mini. Abin da ya fi cika ido na bi, na bar abin da na fito nema. Sai na tuna shagon da na faɗaɗa har na daina cin tuwon dare da iyalina, ina cewa ai don su nake yi.

Na sake dasa wani bara. Duk Juma'a nakan duba ƙasan ƙullin da 'yar wuƙa a hannu, kuma har yau in na ga toho mai kyau sai hannuna ya yi nauyi kafin in yanke.