Daga Dalar Gyaɗa Zuwa Buhun Riɗi

Jama'ar Birnin Kudu da Gwaram, ga wata magana da ya kamata mu auna tun ba a yi ruwan shuka ba.

Sa'ad da jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, Turawa sun zaci auduga za mu noma musu. Sai ga shi daga 1912 gyaɗa ce ta cika tasha, domin a Turai ana bukatar man gyaɗa don abinci da sabulu. Kakanninmu suka yi ta labta wa jakuna buhuna. Kuɗi ya shigo, aka biya haraji, aka yi aure. Amma da ciniki ya lalace a duniya bayan 1929, sai farashi ya karye, talaka kuwa ba shi da bakin magana, don ba a kasuwarsa ake yanke shi ba.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu abin ya farfaɗo, har aka kafa hukumar cinikin gyaɗa cikin 1949, dalar gyaɗa ta zama abin kallo a Kano. To, ina take yau? Fari ya zo cikin 1973, kuturtar gyaɗa ta biyo baya cikin 1975, hankalin gwamnati ya koma kan man fetur, masu saye kuwa suka koma ga waken soya da manja na waɗansu ƙasashe. Ko sallama ba su yi mana ba.

Yanzu riɗi da zoɓo ne suka gaji gyaɗa. Riɗin da dillalai ke awo a kasuwar Sara yana iya kai wa Sin, ko Japan, ko Turkiyya, zoɓo kuwa har Meziko. Madalla da wannan. Amma mu tuna cikin 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari. Wanda gemun ɗan'uwansa ya kama wuta, sai ya shafa wa nasa ruwa.

Saboda haka mu sheƙe riɗinmu sarai, kada mu zuba masa yashi ko guba. Mu haɗa kai mu riƙa matse mai a nan gida. Kada kuwa kuɗin bana ya ruɗe mu mu hana gero da dawa wuri a gona, gama mai saye na nesa bai rantse zai dawo baɗi ba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, amin.